Tocilar Masu Hangen Nesa

Jama'a, a kwance nake rubuta muku wannan, ƙafa ɗaya a naɗe, ga lokacin kamun jatan lande ya kama. Ku taya ni yi wa shugaban yankinmu, Mai Girma Uban Ayyuka, godiya.

Tun da guguwar bara ta ci katakan gadar bakin ruwa da muke ɗaure jiragenmu na kamun kifi yake alkawarin gyara. Gyara bai zo ba, sai ga kyautar tocila gida-gida, har da ɗaukar hoto.

Tsohuwar tocilata mai ƙoƙo ce, wannan mai sheƙin da ke bayan ƙwan tocilar. Tana jefa haske gaba, sauran ya zube maka a gindin ƙafa, ka ga inda kake takawa. Ta Mai Girma kuwa gilashi gare ta mai tudu kamar idon kwaɗo. In ka zuƙo bakinta sai ta tattare hasken kaf ta cilla shi ƙetaren ruwa, kai kuma ta bar ka cikin duhu. Eulalie matata ta ce in riƙe tsohuwar. Na ce ina, kyautar manya ce!

Da asuba na nufi jirgin Clovis maƙwabcina, wanda nake wa aiki. Ina tafe a kan gadar da sabuwar tocila ina kallon tsuntsu a kan bishiya can tsallake, har gashinsa nake gani, sai ji na yi rugum! Ƙafata ta faɗa inda katako ya kamata ya kasance.

Clovis ya jawo ni yana dariya. "Kai Ovide, wa ya aike ka duba tsallake? Can ka ajiye jirgin?"

"Rufa min asiri, ɗan'uwa, jira ni sati biyu."

"Jatan landen za su jira ka? Surukina zan ɗauka, kada ka ga laifina."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don kamun nan shi ne cinmu na shekara. Na kai kuka, Mai Girma ya aiko cewa mulkinsu na masu hangen nesa ne, kuma an kafa kwamiti ya binciki yadda nake tafiya. Da ma laifi tudu ne.

Amma kada in yi butulci, tocilar tana aiki. Yau daga kan gado na haska ta taga, na hango jirgin Clovis yana fita babu ni. Har hular surukin nasa na gani, tsaf.