Daktocin Haɗin Gwiwa

Ranar da mai gari ya aiko cewa daktoci uku daga jami'a za su zo Danchadi aikin haɗin gwiwa, na yi hamdala. Shekara tara ke nan da wani bijimin sa ya take mini gwiwar hagu. Na ga fari, na ga ambaliya, ban koka ba, amma gwiwar nan ta hana ni durƙusawa a fadama.

Ina jin kalmar a rediyo, na san ta. To amma ga daktoci, ga gwiwa, me ya rage? Har na biya wurin Mamman maɗori na ce masa, "Aje karanka, manya sun iso."

Suna zama a ƙofar mai gari, na naɗe wando, na ɗora ƙafa bisa teburinsu, a kan takardu.

"Ga ta nan. Ku haɗa."

Na farko ya ce, "Baba, ni daktan ƙasar noma ne." Ta biyu ta ce ita daktar harshe ce. Na ce harshena lafiyarsa lau. Ta rufe baki da gyale. Ashe taruwa suka yi su gano abin da ke ƙarar da ciyawar fadama.

Na ukun, likitan dabbobi, ya taɓa gwiwar cikin ladabi. "Baba, masu zuwa wurina ƙafa huɗu gare su."

Har yau ina ɗingishi. In na ratsa kasuwar Bodinga, sai mahauta su ɗaga murya: "Baba, sauran biyun sun tsiro? Dokta na jira!"