Gidan da Ke Kusa da Asibiti

Kai jama'a, ku bar ni in yi dariyata tukuna! Kun san Ashiru tela, abokina na Gusau? Matarsa Lantana ciki ya tsufa, likita ya ce su koma kusa da asibiti, don haihuwarta ta fari ta sha wuya. Sai Ashiru ya samu wani dillalin gidaje, Malam Tanimu, wanda ya taɓa koyar da lissafi, har yau ba ya magana sai da "saboda haka". Ya rantse masa akwai gida nan da nan da asibiti. Suka hau Keke Napep su uku daga bakin asibitin. Aka wuce gada, aka wuce gidan mai, kwalta ta ƙare, aka shiga gonakin dawa. Mai Keke ya ce shi fa iyakarsa ke nan. Suka ƙarasa a ƙafa, Lantana na dafe da ƙugu tana haki, takalmi ɗaya ya tsinke.

Ashiru ya waiga, ko hasumiyar gari ba ya hangowa. Ya ce, "Malam, don girman Allah, wannan ne kusa?"

Malam Tanimu ya gyara zaman tabarau, ya tsinci kara, ya tsuguna yana zane a ƙasa. "Bi ni a hankali. Gidan nan yana kusa da injin niƙa, ko?"

"Yana kusa."

"Injin niƙa kusa da makabarta. Makabarta kusa da gidan mai. Gidan mai kusa da gada. Gada kuwa, kai ma shaida ne, tana jikin asibiti. Abin da ke kusa da na kusa, ai kusa yake. Saboda haka gidan nan yana kusa da asibiti. Nuna min inda na yi kuskure!"

Ashiru ya tsaya yana ƙirga da yatsu, ya bi zanen sau biyu, bai ga inda ya karye ba. Har ya fara gyaɗa kai, ya juya ya ce, "Lantana, kin ji fa, kamar lissafin ya fita."

Ita kuwa tana zaune kan turmin masu gida tana fifita da gefen mayafi. Ta ce, "Maigida, karɓi gidan nan maza kafin wani ya riga mu. Malam ya ƙara zane huɗu kawai, mu dinga sallar Juma'a a Makka."