Shanun da Suka Cinye Dashen Ɗalibai

Da ɗaliban kwalejin garinmu suka gayyaci tsofaffin gari taronsu na dashen itatuwa, ni na fara miƙewa. Na ce shanun Fulani ne ke cinye musu dashe, su cire duk Bafulatani daga ƙungiyarsu. Da furfurata, wa zai koya mini sawun dabba? Jikata Hadiza tana ta ƙifta mini ido, na share ta.

Sai Buba, ɗalibi Bafulatani, ya russuna ya ce, "Inna, waccan saniyar ta wace ruga ce?"

Na waiga. Akuyata ce, da ƙyallen zanena ɗaure a wuyanta, tana ƙarasa cinye dashen mangwaro na ƙarshe.

Ƙarshe dai Buba ɗaliban suka ba shugabancin ƙungiyar. Har yau in na ratsa kasuwar Makarfi sai an ce, "Inna, yaya shanu?"