Nomau da Akurkin Baƙin Mai

A ƙauyen Tungar Maƙera akwai wani gida mai mutum biyu da kaji talatin da ɗaya. Mutanen su ne Iya Tabawa da autanta Nomau, ƙato mai gemu, wanda in ka ce masa ya tsaya nan, to damina za ta same shi a nan. Kajin kuwa su ne gonar Iya, da ƙwansu take cefane. Sai gara ta cinye akurkinsu ta bar su a fili, ga shaho na shawagi.

Wata rana Iya ta sayo katako, ta aiki Nomau wurin Jibo kafinta. Jibo ya dama masa baƙin man inji da maganin gara a gwangwani, ya ce, "Duk abin da gara ke ci, ka shafe shi da wannan." Nomau ya shafe katakon tas, ya leƙa gwangwani ya ga da saura. Iya ta dawo daga rijiya ta tarar da turmi baƙi ƙirin, taɓarya na ɗiga, muciya da akushi suna ƙyalli a rana.

"Innalillahi! Auta, a me zan yi daka?"

"Iya, ke da bakinki kika ce gara ta ci gindin turmin nan bara."

Rami aka haƙa aka binne su gaba ɗaya.

Wata rana Malam Sidi, malamin dabbobi, yana wucewa a babur wari ya buge shi, ya taka birki. Ya ce, "Kai, wannan ai guba ce! Kada ka bari bakin kaza ya taɓa katakon nan." Nomau ya ce to. Can da hantsi Iya ta ji gidan ya yi tsit, ko zakara bai yi cara ba. Ta watsa tsaba, kaji suka taru suna kallon tsabar, suna kallonta. Kowace an ɗaure mata baki da zaren saƙa.

"Na shiga uku! Duka talatin da ɗayan?"

"Zakaran ne ya fi ba ni wuya, Iya."

Sai azahar ta gama yanke zaren da reza.

Wata rana Jibo ya zo ya buga akurkin, ya rufa masa kwano, ya tara guntayen katako a gefen murhu. Ya ce, "Kada waɗannan su haɗu da wuta, hayaƙinsu kisa yake." Yana fita Nomau ya ɗauki tulu ya sheƙa wa murhun ruwa, har da tukunyar tuwon da ke kai. Iya ta sauke tukunyar, ta kwashe jiƙaƙƙun itacen ta baza a rana.

Wata rana, bayan akurkin ya sha rana kwana uku, shaho ya sure ɗan tsako a gabanta. Iya ta ce ta gaji da jiran warin man ya fita. Za ta tafi suna, ta ce, "Ka share ciki ka zuba kajin. Amma kada ka sa mini su inda kai ba za ka iya zama ba."

Nomau ya dubi ƙofar akurkin, ya dubi kafaɗunsa. Ya tuɓe riga, ya cusa kai, ya yi ta murzawa har ya shige, ya zauna ya naɗe ƙafafu. Rana ta take, kwano ya ɗau zafi, katako ya fara tsattsafo da mai. Idonsa ya kama ruwa, maƙogwaro ya kama yaji. Ya so fita, ƙofa ta ƙi.

Da Iya ta dawo, tafin ƙafa kawai ta gani a bakin akurki, ba ya motsi. Ihun da ta kurma ya tara unguwa. Da gatari aka fasa akurkin, aka jawo shi, aka yayyafa masa ruwa, ya yi ta kelaya amai.

Malam Sidi ya zo ya sa kai cikin abin da ya rage, ya ja da baya yana tari. Ya ce, "Iya, abin da ya kayar da wannan ƙaton, da kaji kika zuba, kafin la'asar sai dai ki kwashe su da kwando. Katako mai magani a ƙafafun akurki ake sa shi, ba inda kaza ke numfashi ba."

Iya ta dubi kajinta suna tonon ƙasa, ta dubi ɗanta, ta zauna daɓas.

Nomau ya buɗe ido da ƙyar. "Iya, na gwada. Ba ya zaunuwa."

Da laka da kara Iya ta gina sabon akurki da hannunta, ta yi masa ƙofa ƙarama yadda ko kan Nomau ba zai shiga ba.