Benci Marar Majingina

Ko na manta da komai na shekarun da na yi a Matameye, ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi ba, da wani benci da ke can bayan majami'armu, kusa da ƙofa. Har yau in na tuna shi sai in ji bayana ya amsa.

Aikin koyarwa ne ya kawo ni garin. A lakwal, wato makaranta, Mushe ake ce mini, a majami'a kuma Dattijo, domin ban cika shekara uku ba aka zaɓe ni cikin dattawan ikilisiya. Mu Kirista ba mu da yawa a garin. Ko ranar Kirsimeti, har da 'yan'uwa masu zuwa daga Kance da Tsauni, benci goma ya ɗauke mu. Dattawa mu uku ne: ni, da Baba Tanko, tsohon ma'aikacin asibiti da kunnensa ya yi nauyi, da wani bawan Allah da bai taɓa yi wa kowa musu ba. Ka ga ke nan abin da na faɗa shi ake yi. (Kuma ina faɗa. Allah ya ba ni murya, ni kuwa ban taɓa barinta ta huta ba.)

A ikilisiyarmu akwai abin da muke kira horo. In mutum ya faɗa cikin babban zunubi, sai a sanar a gaban jama'a, ya koma bencin baya ya zauna na wasu watanni. Ba ya karatu, ba ya shiga cikin mawaƙa, ranar Jibin Ubangiji kuma a wuce shi da tire. Lokacin da muka ba da aikin sababbin bencuna, ni na tsaya a kan kafinta na ce na baya kada a yi masa majingina. Kafintan, wani maƙwabcinmu Musulmi, ya dube ni ya ce, "Mushe, katako ya isa fa." Na ce a'a, mai zunubi ya kamata ya ji a jikinsa. Na faɗa har ina murmushi, ina jin na yi hikima.

Mutumin farko da ya hau bencin nan shi ne Ɗanladi, mai gyaran salula, wato wayar hannu, a wata rumfa kusa da tasha. Magidanci ne, da matarsa da 'ya'ya uku. Kamar yawancin mazan garin, in an gama girbi sai ya tsallaka Kano cin rani, ba ya dawowa sai hadari ya fara haɗuwa. A wata dawowarsa ya tafi wurin Fasto da ƙafarsa, yana hawaye, ya ce a can ya faɗa kallon hotuna da bidiyon batsa, ya dawo gida kuma abin ya biyo shi, ya rasa yadda zai yi. Ka lura, ba wanda ya kama shi. Shi ya kawo kansa.

Fasto ya so ya riƙa ganinsa kowane mako, su yi addu'a, magana ta tsaya nan. Da yardar Ɗanladi ya kawo mana batun wata ranar Alhamis bayan la'asar, don mu taya da addu'a. Ɗanladi yana zaune a waje ƙarƙashin bishiya yana jira. Ni kuwa sai na miƙe, na gyara hula, na buɗe baki.

Na ce Ubangijinmu Yesu bai tsaya ga aikin hannu ba, har zuciya ya bi: sha'awar da ido ya ciyar zina ce tun ba a taɓa kowa ba. Na ce jikin mai bi ba nasa ba ne, mazaunin Ruhun Allah ne, ba a shigar da shara cikinsa. Na ce wadda ake kallo a wayar nan mutum ce da Allah ya yi cikin kamanninsa, 'yar wani ce, ba kayan kasuwa ba. Na ce alkawarin aure ba ya ƙarewa a kan iyaka, wanda ya yi shi a Matameye yana ɗauke da shi har Kano. Na rufe da cewa mu 'yan kaɗan ne a garin nan, idon kowa yana kanmu, in muka yi sassauci mun zubar da sunan Almasihu. Wata shida a bencin baya, na ce. Baba Tanko ya gyaɗa kai (ban tabbata ya ji rabin maganar ba), ɗayan ya ce haka ne, Fasto ya yarda ba da son ransa ba.

Duk abin da na faɗa ran nan gaskiya ne, har yau ban janye ko kalma ɗaya daga koyarwar ba. Matsalar tana ga bakin da ya faɗe ta.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Kowace Alhamis da azahar matata Talatu takan tafi zumuntar mata, yara su bi ta. Ni kuma in rufe ƙofar ɗaki, wai ina gyaran takardun ɗalibai. Abin ya faro ne daga wani bidiyo da abokin aiki ya turo mini cikin raha. Na yi tsaki, na ce wannan wane irin iskanci ne, amma ban goge ba. Shekara huɗu ke nan. Har wani dosiye na buɗe a cikin wayar inda nake tara su, na sa masa suna "Jarrabawa", don na san ba mai sha'awar buɗe shi. Dalilai kuwa ina da su fal: ban taɓa kowa ba, ban fita waje ba, wannan ne na ƙarshe. Na ƙarshen nan na yi shi ya fi a ƙirga. In na gama sai in ji ƙyamar kaina, in fito tsakar gida ina yi wa yara faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Ɗanladi ya zauna a bencin nan wata huɗu, bai yi fashin Lahadi ko ɗaya ba. Sanarwar da na rubuta cewa kawai ta yi "zunubin jiki", sai mutane suka cike sauran da tunaninsu. Aka fara raɗa wai wata mace ya ajiye a Kano. Matarsa ta daina tsayawa gaisawa bayan sujada. Na ga duk wannan, ban ce uffan ba.

Ana nan, wata Juma'a ina wanke babur, wayata ta zame daga aljihu ta faɗa cikin bokiti. Na tsamo ta, na shanya, ta ƙi tashi. Na bar ta kan tebur na tafi lakwal, da niyyar in kai ta Zinder inda ba wanda ya san ni. Da na dawo Talatu ta tarye ni da fara'a ta ce, "Na hutar da kai, na kai wa Ɗanladi wayarka. Ya ce ka je gobe."

Na ce mata na gode. Tuwon ranar dai ban san ta ina ya bi ba.

Washegari na je rumfar, na yi sallama da muryar dattawa. Ɗanladi ya bari sai da mutanen da ke sa caji suka watse, sannan ya miƙo mini wayar da hannu biyu.

"Ta tashi, Dattijo," in ji shi. "Na kwashe maka kayanka a sabon kati. Dosiye ɗaya ne ban kwashe ba. Ba bincike na yi ba, ina cikin kwasa hotunan suka fito da kansu."

Ka san abin da dattijon ikilisiya ya yi? Ƙarya na yi. Na ce ai wayar a hannu na saye ta, wataƙila na mai ita na farko ne. Na ƙara da cewa yaran zamani ma in sun ari wayar mutum ba ka san abin da suke yi ba.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kowane ɗaya da ranarsa a jiki, Dattijo. Akwai na Alhamis ɗin da na zauna ƙarƙashin bishiya ina jiranku. Da azahar."

Motar Kance tana ta kiran fasinja, mai rake yana ta tallarsa.

"Ba wanda zai ji daga bakina," ya ce. "Na san nauyin abin. Ina yi maka addu'a tun jiya."

Da zagina ya yi, da na samu abin riƙewa. Na juya na hau babur, ko sai anjima ban ce masa ba.

Kashegari Lahadi ce, kuma ta Jibin Ubangiji. Ni ke zagayawa da tiren ƙananan kofuna na zoɓo, ɗayan dattijon da na burodi. Na sa farar rigata mai aiki a wuya. A hanya na gama shirya yadda za a yi: Ɗanladi ya yi alkawari, ni kuma na goge dosiyen, daga yau na daina, shi ke nan, kujerata ta gaba tana nan. Sai Fasto ya yi gargaɗin da yake yi kullum, cewa kowa ya binciki zuciyarsa kafin ya miƙa hannu, kada ya ci ya sha da ɓoyayyen zunubi. Sau nawa na ji wannan magana ina gyaɗa kai, ina leƙen wasu ta wutsiyar ido? Ran nan sai na ji kamar sunana kawai ya rage ya kira.

Na ɗauki tire. Benci na farko lafiya. A na uku kofuna suka fara kaɗawa suna ƙara. Na wuce ɓangaren mata, Talatu ta ɗauki nata ta yi mini ɗan murmushi. Na ci gaba har na iso baya, inda aikina shi ne in wuce Ɗanladi in juya. Na zaci zai ɗago ya dube ni, har na shirya fuskar da zan tare shi da ita. Bai ɗago ba. Sai kawai ya janye ƙafafunsa don in samu hanya, kamar yadda ya saba yi wata huɗu.

Nan hannuna ya ƙi ni. Tiren ya karkata, zoɓo ya kwararo a gaban farar rigata tun daga ƙirji har gwiwa, kofuna biyu suka gangara ƙarƙashin benci. Waƙa ta tsaya. Wata tsohuwa ta ce, "Wayyo Dattijo, zazzaɓi ne?" Fasto daga gaba ya ce a kama ni a kai ni kujerata.

Ga ƙofar fita an buɗe mini. In ce zazzaɓi, a yi mini sannu, har a kawo mini kunu gida. Wallahi bakina ya fara haɗa kalmar. Amma na dubi kofin da ya rage a tiren, nawa, wanda zan koma gaba in sha a idon mutumin nan, sai na ji ba zan iya ba. Na miƙa wa na kusa da ni tiren, na zauna a bencin baya, gefen Ɗanladi.

Baba Tanko ya taso da sandarsa. Shi da yake ba ya ji sosai, in zai yi magana duk unguwa sai ta ji. Ya ce, "Ba nan ba, Dattijo! Nan na masu horo ne!"

Na ce a hankali, "Na sani, Baba."

"Me ka ce?"

Haka Allah ya so. Muryar nan da na daɗe ina taƙama da ita, da ita na ɗaga na ce, "Na ce na sani! Nan ne wurina. Abin da na hukunta Ɗanladi a kansa, na riga shi farawa."

Ina zaune, rigata jawur, ina kallon ƙeyar matata. Ba ta juyo ba. Wannan ya fi mini komai ciwo.

A gida ba ta yi ihu ba, ba ta fasa kwano ba. Ta zauna bakin gado ta ce, "Duk Alhamis ina can ina roƙon Allah ya ƙara maka ƙarfi, wai aiki ya yi maka yawa." Daga nan ta yi makonni tana ajiye mini abinci ba tare da ta dube ni ba. Ta yafe mini daga baya, amma ba a rana ɗaya ba, kuma ban isa in ce ta yi sauri ba. Ni da nake cewa ban taɓa kowa ba, ga wadda na taɓa a gabana.

Fasto ya tambaye ni wata nawa nake ganin ya dace da ni. Na ce abin da na yanka wa Ɗanladi. Na kuma tsaya gaban jama'a na faɗi cewa ba wata mace a Kano, don a bar matarsa ta sarara. Na sauka daga dattijanci, na koma ƙaramar waya mai maɓalli, Alhamis da azahar kuma a rumfar Ɗanladi take samuna, Fasto yakan biyo mu yi addu'a. Ba zan ce maka jarabar ta mutu ba. Abin da na sani shi ne ta fi ƙarfi lokacin da ni kaɗai na san da ita.

Bayan wata biyu horon Ɗanladi ya ƙare, aka karɓe shi da waƙa. Lahadi ta gaba sai ga shi ya dawo bencin baya ya zauna gefena. Na ce masa ya koma gaba. Ya ce ya saba da nan. Haka ya zauna da ni har nawa ya cika, mu biyu muna ta gyara zama, domin bencin nan, jama'a, azaba ne. Kafin a kai rabin wa'azi bayanka ya ƙage.

Ranar da na gama, wurin kafinta na fara zuwa, na ce ya zo ya yi wa bencin baya majingina. Ya ajiye zarto ya dube ni, ya ce, "Mushe, ai tun farko na gaya maka katako ya isa."

Ya isa kuwa. Tun daga ranar, in an ba ni aikin auna wa mai zunubi wurin zama, da bayana nake aunawa.