Gilashin Motar da Ya Ƙaryata Mahaifina

Gargaɗi ga duk uwar da wasiƙar nan ta faɗo hannunta: in akwai tsoho a gidanki, kuma kina son a ci gaba da jin maganarsa, kada ki bar fim ɗin da zan yi bayani ya shigo falonki.

Zuwa ga Mai Girma, Masanin Tarihi, Shugaban kamfanin da ya shirya fim ɗin 'yan daban nan mai ba da labarin shekara sittin baya.

Bayan gaisuwar da ta dace da mai ilimi irinka, ina roƙon ka ara mini kunne. Karatuna a sakandare ya tsaya, amma Allah ya ba ni ido biyu. Mahaifina bakanike ne, shekara arba'in da biyar yana kwance ƙarƙashin motoci, yanzu yana zaune a wurina. Ranar da yarana suka kunna fim ɗinku yana nan a kujerarsa. Ga abin da muka gani.

1. Ubangidan 'yan daban ya danna maɓalli, gilashin motarsa ya sauka da kansa. Baba ya ce wannan ƙirar da hannu ake murɗa gilashinta, ya gyara irinta ya fi sau ɗari. Babbar 'yata ta ce ai ga shi an nuna. Ranka ya daɗe, wa kuka tambaya? Ko duk tsofaffin kanikawa sun ƙare ne?

2. Tabon wuƙar da ke kuncin ubangidan na dama ya shiga shagon aski da shi, ya fito yana hagu. Wane wanzami ne wannan mai baiwa?

3. Ƙaton nan mai ƙiba, an harbe shi, an binne shi, matarsa ta yi kuka har ni ma na goge ido da bakin mayafi. Minti ashirin bayan haka sai ga shi tsaye yana riƙe wa ubangidansa laima. Me kuka maishe ni?

4. Robar ruwa irin ta yau a kan teburin caca. Sigari kuma ana zuƙa yana ƙara tsawo.

Ban ma zo kan kisa da caca ba, wannan tsakaninku ne da Mahaliccinku. Amma wanda ya ɗauri aniyar yin ƙarya, ko ba komai ya riƙe ta daga farko zuwa ƙarshe. Yarana in sun fasa kofi sun fi ku iya daidaita labari.

Ga ɓarnar da kuka yi mini. Tun ranar, duk sa'ad da Baba ya fara ba da labarin da, sai yara su riƙa kallon juna. Da kunnena na ji babbar tana raɗa wa ƙanenta wai Kaka ya fara rikicewa. Shi ma ya ji. Kwana tara ke nan a ɗakinsa yake cin abinci. Shekaranjiya da na kai masa shayi ya riƙe hannuna, ya tambaye ni a hankali ko dai shi ne ya manta. Mutumin da yake gane ciwon inji daga jin ƙararsa!

Allah ya ƙara maka basira, Ranka ya daɗe, don akwai wurin zubawa da yawa.

Taka mai matuƙar biyayya,
'Yar bakanike, uwar yara huɗu.

Ka kuma sani, na kafa doka. Daga yau ba a kunna fim ɗin zamanin da a gidana sai Baba yana zaune, rimot a hannunsa. Inda ya ce ƙarya ne, a tsaya, ya yi bayani har ya gama. Duk wanda ya buɗe baki ya ce "ai an nuna", wanke-wanken mako guda nasa ne. Har da maigidan.