Ranar da Na Ƙi Karɓar Amaryar Ƙanena

Ni dai na gaya musu tun farko cewa Asabar ɗin nan ƙungiyar da nake goyon baya tana da babban wasan ƙwallo, babu wanda ya saurare ni. Ɗaurin auren ƙanena Sani ne a Shinkafi, kuma tun da mahaifinmu ya rasu, ni ne wakilin ango. Sai na yi dabara irin ta manya. Na saƙala abin sauraron waya a kunne ɗaya, na lulluɓe shi da hirami. A raina na ce, ai kunne biyu Allah ya ba ni, kowane da aikinsa.

Muka zauna a ƙofar gidan su amarya, liman ya buɗe da addu'a. Baffan amarya, wani dattijon malami, ya dube ni ya ce, "Mun ba Sani ɗiyarmu Hafsatu. Kun karɓa?"

Daidai lokacin alƙalin wasa ya soke mana ƙwallon da muka ci. Na zabura na ce, "Wallahi ba mu yarda ba! Wannan zalunci ne!"

Kowa ya juyo ya dube ni. Sani ya dafe kai. Dattijon ya gyara zama ya ce, "Mi kac ce, ɗana?"

Sai da kawunmu ya fizge abin daga kunnena, ya ba jama'a haƙuri, ya karɓi auren da kansa. Wasan ma aka cinye mu.

Yanzu 'ya'yansu biyu, amma duk ranar da Hafsatu ta kawo mini abinci, sai ta durƙusa ta ce, "Yaya, an yarda, ko in mayar?"